Kafar Leƙe a Dangar Kaka

Duk gidan da ka duba yanzu a Tungan Maje katangar bulo ce, an jera mata fasassun kwalabe a ka, ga ƙyauren ƙarfe mai kuka in an tura shi. Nawa gidan ma haka yake, ba gori nake yi wa kowa ba. Mun tsare kanmu daga ɓarawo, mun haɗa da juna mun tsare. Da safe ba ka jin lugude, sai injin niƙa da janareto da hon ɗin manyan motoci masu gangarawa Gwagwalada. Ni da na tashi lokacin da ake gane gidan mai jego tun daga nesa da hayaƙin ruwan wanka, yau sai a yi suna a bayan katangata ban sani ba. Ban yi karatu da ƙuruciya ba, sai da furfura ta fara leƙowa na je na zauna a benci da sa'o'in 'ya'yana na koyi riƙe biro, saboda haka mai neman magana mai ado ya nema a gaba. Abin da ya zaunar da ni rubutu jikata ce, takwarata, da rigimar da muka yi da iyayenta a kan yayenta.

Uban yarinyar shi ne ɗana na fari, yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari. Ba na kiran sunansa, ban taɓa ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Matarsa ita ma aikin ofis take yi, yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Suna zuwa gaishe ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma wane irin zuwa? Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya, a shigo da ledoji, a ɗosana a bakin kujera kamar masu jiran likita. Shi yana duban waya, ita tana bin yarinya da tsumman goge hannu, kada ta taɓa ƙasa, kada ta taɓa kaza, kada ta sa wancan a baki. Kafin la'asar ya miƙe yana kaɗa makulli, wai bari su kama hanya kafin gosilon motoci ya haɗu. Yarinyar kuwa kallona take yi irin kallon da ake yi wa mai talla a bakin titi. In na miƙa mata hannu sai ta cusa fuska a jikin uwarta. Sunana aka sa mata, amma ko warin zanina ba ta sani ba.

Da na ga ta kusa isa yaye, sai na ce musu, “In lokaci ya yi ku kawo ta nan, ni zan yaye ta.”

Uwar ta dubi mijinta, mijin ya dubi waya.

“Mama, ai yanzu an daina haka,” in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. “A gida ake rage mata a hankali. Likita ya ce raba su farat ɗaya yana taɓa yaro.”

“Shi likitan a ina aka yaye shi?”

“Hajiya, ba abin faɗa ba ne,” in ji ɗan nawa.

“Kai rufe mini baki, ba da kai nake ba. Kai da aka kai gidan kakarka kana tsala ihu har maƙwabta suka zo jaje, yau ga ka da tumbi da mota, me ya taɓa ka?”

Suka tafi ba a gama maganar ba. Ni kuwa na san abin da nake gudu. In ba a kawo ta yanzu ba, babu sauran dalilin da zai sa yarinyar nan ta kwana a ɗakina har in mutu. Daga nono sai gidan raino, daga nan sai makaranta, da hutu kuma a ce akwai lesin. Yaye ne kaɗai ƙofar da aka bar wa kaka ta shiga zuciyar jika, in ta rufe ta rufe ke nan, sai dai ki zama tsohuwar da ake kai wa shinkafa da Sallah.

Mu a zamaninmu ba a shawara a kan wannan. Babanmu ya baro ƙauyensu ya dawo nan bakin hanya yana ɗan kasuwancinsa, amma mahaifiyarsa tana can wani ɗan ƙauye a bayan Kuje, kuma duk ɗan da ya isa yaye a gidanmu can ake kai shi. Ni ma can aka yaye ni, sai dai ban san an yi ba. Wanda na sani shi ne na ƙanena, lokacin ina da giɓi a baki, haƙoran gaba sun zube sababbi ba su gama fitowa ba. Tun ana jibi tafiya gida yake canza kama. Inna ta ƙulla daddawa da kuka da gishiri, ta yanka sabulun salo, Baba ya kawo goro a ganye. Ranar kasuwar Kuje muka shiga motar katako, muka zauna a kan buhuna, akuya tana shinshina mini wuya, kaji suna kuka a ƙarƙashin ƙafar mutane. In motar ta zo hawa sai maza su sauka su tura, mata su yi ta salati. Daga kasuwa kuma sai ƙafa. Hanya ce 'yar siririya a cikin dawa wadda ta fi Inna tsawo, ga ɗorawa ga kaɗanya, mu yi ta gamuwa da matan Gwarawa da itace a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka, su ratse mana suna cewa sannu da hanya, yaro ya yi girma. Akwai rafin da ake tuɓe takalmi a tsallaka. Kana haye shi za ka fara jin ƙauyen kafin ka gan shi: taɓare suna amsa wa juna, zakara, da wata kurciya da har yau in na ji irinta sai in ji ƙamshin man kaɗanya. Yanzu yaro yana kwance a bayan mota da sanyin inji, a ɗauke shi a wannan ƙofa a sauke shi a waccan, bai san akwai ƙasa a tsakani ba.

Kaka gajeruwa ce, bakinta ja wur da goro, muryarta ta fi jikinta. Tana hango mu ta yar da tsintsiya.

“Lale, maigida ya iso! To ina cefanen? Haka za ka zo mini hannu na dukan cinya, ga ƙaton kai?” Ta karɓi ƙanena ta jujjuya shi. Sannan ta dube ni. “Takwara, wa ya sace miki haƙora? Faɗa mini in kai ƙara.”

Inna kuwa tana durƙushe a bakin ƙofa, kai a ƙasa, tana jero gaisuwa.

Dole in faɗi yadda muke da Inna, in ba haka ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Ni ce 'yarta ta fari, ga shi kuma sunan uwar mijinta aka sa mini, kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Ba ta kiran sunana. “Ke” ce ni, in ta yi nisa “yarinyar nan”. Ba ta yi mini kitso, sai ta tura ni maƙwabta. In baƙuwa ta tambaya ko 'yarta ce ni, sai ta kawar da kai ta ce 'yar gidan ce. Ƙanena kuwa ta goya shi, ta yi masa wasa, ta tauna abu ta sa masa a baki. Manya suna ce mini kunya ce, haka ake yi wa ɗan fari. To, yaro bai san kunya ba, abin da ya gani ya sani. Ni dai a raina na gama yanke hukunci cewa matar nan ba ta sona.

Da safiyar Juma'a aka yi yayen. Aka karɓo rubutun dangana wurin malamin ƙauyen aka zuba a kunu. Inna ta zaga bayan rumbu da yaron ta ba shi nono na ƙarshe, ta daɗe a can. Da ta fito Kaka ta karɓe shi ta nufi wurin 'yan tsaki tana nuna masa, Inna ta ɗauki ƙullinta ta fice. Ina tsaye a ƙofa ina kallon bayanta har dawa ta haɗiye ta. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ni aka bari in taya Kaka raino. Dokar kuwa kowa ya san ta: uwa ba ta zuwa, ba a ambatonta a gaban yaro, sai ya manta da nono an aika mata. In ya gan ta a tsakani, an koma farko, wahalar da ya sha ta tashi a banza.

Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Kaka ta goya shi tana shara, ta goya shi tana tankaɗe, in ya ƙi lallashi ta zauna ta sa masa busasshen nononta a baki, ya ja ya ja ya ji babu komai, ya dube ta da haushi, ta ce, “To maigida, abin da ke gidan ke nan, in ka san wata mai shi ka tafi.” A hankali ya fara karɓar kunun gyaɗa, ya fara damƙar dafaffiyar doya da mai.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa na ce, “Kaka, da Inna za ta tafi ko juyowa ba ta yi ba. Shi ma ta daina sonsa kamar ni?”

Ba ta ɗago ba. “Ɓare gyaɗarki. Bakinki ya girme ki.”

Gidan Kaka dangar kara ce ta kewaye shi, kuma ta gefen gona akwai wata kafa a jikin dangar, wadda kan akuya yake shiga. Awaki kuwa sun san ta, kullum sai sun zuro kai sun ja abin da aka shanya. Baffanmu, ƙanen Baba da yake zaune tare da ita, ya sha ɗauko kara zai toshe, ta hana. “Dangarka ce ko akuyarka? Bar mini abina.” Kowa ya ɗauka rigimar tsufa ce.

Da kasuwar Kuje ta zagayo, sai na ga Kaka ta yi abin da ba ta saba ba. Rana ta ɗaga sosai, ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a gefen nan na gona, ta sa na kawo ruwa a ƙwarya. A nan ta yi wa yaron wanka, ba a bayan ɗaki inda aka saba ba. Ta zaunar da shi yana fuskantarta, bayansa ga danga, ta shafe shi da man kaɗanya har yana ƙyalli, ta ɗauko kunu. Sai kuma ta hau magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin rafi.

“Kai, maigida, ka cinye tas! Jiya ma haka ka yi mini, ko kuka ba ka yi ba sai sau ɗaya da asuba. Dubi cikinka. Zawon ma ya tsaya. Wa ya ce ka rame?”

Na ce a raina, wa take gaya wa? Yaron da bai iya magana ba? Ni da nake kusa da ita ba kurma ba ce. Sai na sulale na fita ta ƙofa, na zaga bayan gida ta cikin dawa.

Inna ce. Tana tsugune a ƙasa, ta kafa ido ɗaya a kafar dangar, ƙwaryar daddawar da ta fake da ita ta zo kasuwa tana gefe. Ta ɗaure ƙirjinta tamau da ɗankwali, amma duk da haka gaban zaninta ya jiƙe sharkaf, nono yana zuba, ƙudaje suna bi. Ta cusa bakin mayafi a baki tana cizo don kada sauti ya fita. Kafaɗunta ne kawai suke rawa. Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba sai ran nan. Kara ya karye a ƙafata, ta juyo a firgice. Muka dubi juna. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta harare ni harara mai cewa in kin faɗa sai na yanka ki, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige dawa da sauri, don motar komawa ba ta jiran kowa.

Na koma cikin gida. Kaka ta dube ni sau ɗaya ta gane.

“Kin gano abin da ba a aike ki ba.”

“Kaka, kin san tana nan?”

“Ni na ga wani? Ni wanka na yi wa mijina.” Ta goge wa yaron baki, sannan ta sassauta murya. “Zo nan, mai bakin tsiya. Kina tsammani don wannan mai ƙaton kan aka yi kafar nan? A yayenki aka yi ta. Uwarki ce ta ɓanɓare karan da hannunta, tana yarinya ɗanya, tana tsammani ban ji ba. Ke kuwa da damina aka kawo ki. Ruwa ya sha dukanta a wurin nan, ina jin haƙoranta suna haɗuwa, ba halin in ce shigo, ba halin ta ce ga ni. Har na fara tsoron kada rafi ya tafi da 'yar mutane. Shi wannan sau nawa za ta zo? Ke ba ta taɓa fashin kasuwa ba.”

Na ce, “To me ya sa ba ki toshe ba, tunda an hana?”

“An hana yaro ya ga uwa. Wa ya hana uwa ta ga ɗanta? Wanda ya karɓi ɗan wani, ya bar wa uwar wurin leƙe. In kin girma kin karɓi na wata, ki tuna.”

Ni da Inna ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ta ci gaba da ce mini “ke” har ranar da aka rufe ta, ban kuma sake jin zafin abin ba ko sau ɗaya. Da na haifi nawa na fari aka kai shi yaye, ni ma na yi nawa tsugunon a bayan wata danga, ba sai na faɗi ko ta wa ba. Ƙauyen Kaka yanzu babu shi. Na taɓa hawa acaɓa daga Kuje in je in ga ko da ɗorawar ƙofar gida ce, na tarar an yanka wurin fuloti-fuloti, katanga tana bin katanga, rafin ya zama kwata. Mai acaɓa yana ta tambayata wane gida, na ce mu koma.

To, takwarata dai an kawo ta. Ba maganata ce ta ci ba, yarinyar ce ta ƙi ragin da ake yi mata, ta hana uwar barci ta hana ta aiki, har uwar ta gaji ta ce a gwada na tsohuwa. Suka zo da jaka kamar mai tafiya Makka. Na karɓo rubutun dangana, na dama kunun gyaɗa, na ɗauke ta muka tafi wurin kaji, suka fice. Da la'asar sai ga waya, irin kiran da ake ganin fuska. Ban yi tunani ba na ɗauka. Yarinya ta ga uwarta a gilashi, ta ji muryarta, ta miƙa hannu ta damƙi waya, ta ga ba mutum a ciki. Ihun da ta yi har yanzu yana kunnena. Kunun da ta fara karɓa ta ture shi, ta ƙi komai har washegari.

Na kira uwar na ce, “Kada ki sake kira ta hoto. Kada kuma ki zo sai na aika.”

“Mama, ki tausaya mini,” tana kuka.

“Tausayin ke nan.” Na kashe.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, na leƙa waje zan zubar da shara, sai na hango mota a gindin mangwaron da ke gaba da mai facin taya. Na san motar. Ranar aiki ce, ta baro cikin gari ta ratso Zuba ta zo ta tsaya, gilashi a rufe, tana kallon ƙyauren ƙarfe da katangar da ko ƙadangare ba ya gani ta cikinta. Raina ya ɓaci. Na gyara ɗaurin zani zan je in ƙwanƙwasa gilashin in tambaye ta ko da Gwaranci na yi mata magana. Na yi taku biyu na tsaya. Wallahi kamar an ce mini waiwaya, na ga ƙudaje a gaban zanin Inna.

Na koma na wangale ƙyauren duka biyu. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, na kawo baho da ruwan ɗumi, na zaunar da yarinya tana fuskantata, bayanta ga titi. Na yi mata wanka a nan, na shafe ta da mai. Maƙwabciyata, wata Bagwariya mai sayar da doya da muka tsufa tare, ta fito za ta kasuwa ta tsaya tana kallo.

“Hajiya, yarinya yana wanka a titi yau? Bayan gida ya rushe ne?”

“Kama gabanki, rana muke sha.”

Na ɗauko kunu na fara ba ta. Na san muryata ba za ta kai gindin mangwaro ba, ga tireloli suna wucewa, amma bakina bai fasa ba. “Takwara, kin kwana lafiya, kin ci doya, kin kori zakara. Wa ya ce kin rame?” Ta shanye tas, har tana lasar baki. Sai na ɗaga kofin sama yadda na nesa zai gani, na kifa shi. Ko ɗigo bai faɗo ba. Ban dubi wajen motar ba. Da na gama goya yarinya na ɗago, babu ta.

Haka muka yi ta yi. Wata safiyar motar tana nan, wata babu, ni dai ban fasa wanka a bakin ƙofa ba. Yarinya ta saki jiki. Ta taka ƙasa da ƙafarta, ta ci tuwo da hannu, ta koyi cewa “ƙara”, ta koyi cewa “Kaka”, in na shiga banɗaki ta tsaya a ƙofa tana buga mini. Na ba ta 'yar budurwar kaza ta zama tata, kamar yadda aka ba ni.

Ranar da na aika suka zo, uwar ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye goro da sabulu da turmin atamfa, ban san wa ya gaya mata ana yi ba. Yarinya ta ruga ta faɗa jikinta, ba ta nemi nono ba. Da za su shiga mota kuma ta juyo ta kama zanina tana ja, wai in shigo. Ni da uwar ba wadda ta ambaci gindin mangwaro. Sai da mijin ya tayar da mota ta sauke gilashi, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Mama, kofin nan kada ki ba kowa. Akwai mai zuwa.”

Shi ya sa makon jiya na kira mai gini. Bakin titi ba wurin wankan yaro ba ne, kuma bai kamata 'yar mutane ta zauna a mota duk unguwa tana kallonta ba. Na kai shi bayan gida, ta gefen lungu inda ba kowa ke bi ba, na ce ya cire mini bulo ɗaya.

“Hajiya, bulo ɗaya? Ɓarayi fa? Ɗanki ya sani?”

“Ɓarawon da zai shigo ta nan ya shigo, in dama masa kunu. Yi abin da aka sa ka.”

Ya ɗauki guduma yana girgiza kai, ya tambaye ni a wane tsayi.

Na ce daidai idon mace in ta tsuguna.